Ranar da Na Maƙale a Ƙofar Jif

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da dillali ya kawo wa maigidana motoci biyu har ƙofar gidanmu a Gummi ba.

Malam ya kusa ritaya daga aikin asibiti, ya ce mota ɗaya zai saya, kuma daga ita ya rufe. Jif yake so mai shan gas, wato dizal, wadda za ta riƙa kai shi gonarsa ta wajen Bukkuyum ko da damina ta ɓata hanya. Ni ban yi boko mai nisa ba, ba kuma na yawan fita, amma ina da kunne. Daga cikin ɗaki nake gane motar kowa a unguwarmu (har wadda ake turawa kafin ta tashi).

Aka tayar da motocin biyu ina bayan ƙyaure. Ta farko 'yar madaidaiciya ce, kukanta a hankali. Ta biyu kuwa doguwa, tana ruri har kwanonina na rawa. Nan take na aika aka kira mini Malam cikin zaure.

"Babbar za ka ɗauka," na ce.

"Hajiya, gwiwata hwa? Wagga sai da tsani."

"Haba Malam! Da gwiwa ake tuƙi? Ni da nake mace, tsalle guda zan yi in shige."

Ya dube ni, ya ce, "To, bismillah."

Na ɗaura sabuwar atamfata tamau, na yafa mayafi, na fito ina taku ɗai-ɗai. Maƙwabciyata Inna Kulu da sauran mata suna leƙe. Dillali ya buɗe mini ƙofar gaba ta babbar motar. Na ɗaga ƙafa, zani ya ce bai san zancen ba. Na sake ɗagawa, gwiwata ta yi ƙas (ashe ni ma ina da irin ta Malam, zaman tabarma ne ya rufa mini asiri). Maimakon in haƙura, sai na kama kujera na wurga kaina ciki.

Rabina ya shiga. Cikina a kan kujera, ƙafafuna a waje suna lilo, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri. Hannun da na miƙa neman abin riƙo kuwa, a kan hon ya sauka. Piiiii! Daidai lokacin maza na fitowa daga sallar La'asar. Na kasa shiga, na kasa sauka, na kuma kasa ɗaga hannun, don shi ke riƙe da ni.

"Ku kawo turmi ta taka!" in ji Inna Kulu, tana dariya har da tari.

Turmin kuwa aka mirgino. A kansa na sauko, liman na ta yi mini sannu yana kallon ƙasa.

Malam bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Gemu kawai ya shafa, ya ce wa dillali, "Bar muna ƙaramar."

Ita yake hawa har yau, yana shiga yana fita ba nishi, kuma ba ta taɓa kwana a laka ba. Ni kuwa na koyi darasi: kafin in zaɓar wa wani abin hawa, sai na fara gwada ƙafata, kuma a inda ba kowa.