Mazagin Wandona a Ƙafar Malam Bawa

Ba zan taɓa mantawa da kakar gyaɗa ta shekarar da muka samu mulkin kai ba. Ko na so in manta, mutanen garinmu ba za su bar ni ba.

Dawowata ke nan daga Agiye, inda wani anfirme, wato ma'aikacin jinya, ya yi sati biyu yana koya mana taimakon gaggawa. Sati biyu kacal, amma in ka ga yadda nake taku a gari sai ka rantse ni na gina likitar Maraɗi. Lokacin kuma ina neman auren Hadiza, ɗiyar Malam Bawa na wani ƙauye kusa da Cadawa. Iyayena sun je tambaya har sau biyu, tsohon bai ce e ba, bai ce a'a ba. Shi ne na tara abokai muka kai mishi gayyar cirar gyaɗa, ko zuciyarshi ta yi laushi.

Rana ta take, na tuɓe riga ina ta zuba aiki don a gan ni. Mata sun iso da fura ke nan, har da Hadiza da innarta, sai muka ji Malam Bawa ya yi salati. Ya zube gindin tarin harawa riƙe da ƙafa, yana cewa, "Wani abu ya sare ni!"

Wallahi daɗi na ji (Allah ya yafe mani), don ga ranata ta zo.

"Kowa ya matsa! Maciji ne!" in ji ni. Ban ga maciji ba, ban kuma tambaya ba. An koya mana a ɗaure sama da wurin saran, na duba babu igiya babu tsumma. Sai kawai na zare mazagin wandona, na durƙusa na ɗaure ƙwaurin tsoho tamau.

"Ɗan nan, sassauta, za ka tsinke mani ƙafa!"

"Yi haƙuri Baba, aikin likita ne."

Innar Hadiza kuwa ta sa sanda ta ɗaga harawar. Sai ga wata ƴar kunama, ko tsawon yatsa ba ta kai ba. Ta ce, "Likita, ga macijin naka."

Maimakon in yi shiru, sai na miƙe zumbur, na buɗe hannu biyu zan yi bayanin dafin kunama. Wandon nan, buje ne mai faɗi, ya sulale har idon sawu. Ga ni tsaye gaban surukai daga ni sai tsohon bante!

Hadiza ta rufe fuska da faifan fura. Malam Bawa ya yi dariya har ya manta da harbin, aka zuba mishi ruwan tulu mai sanyi raɗaɗi ya lafa. Ni ko ina laɓe bayan harawa riƙe da wando, na leƙo na ce, "Baba, in an gama da mazagin..." Nan aka sake tuntsirewa. Na koma gida na ce shi ke nan, Hadiza ta fi ƙarfina.

Kwana uku sai ga saƙon Malam Bawa wurin babana: "Ku zo a sa rana. Hankali kam da saura, amma wanda ya zare mazaginshi don ƙafata ba zai bar ɗiyata ta wahala ba."

Daga baya likitoci suka ce ko maciji ne ma, ɗaurin nan illa yake yi. A kwantar da mutum, kar ya motsa ƙafar, a kai shi likita. Ni dai darasina daban: kafin ka ceci wani, duba abin da ya cije shi, ka kuma tabbata ka bar gida da igiya a aljihu.