Takin da Na Raba a Garkar Baba Isa

Ba zan taɓa mantawa da garkar Baba Isa ba, ko da na so, don gwiwoyina suna tuna mini. A tsakiyar shekarun casa'in ne, ina karatun aikin gona a Lyon, ina zaune a wani ɗakin ɗalibai a Villeurbanne wanda sai ka buɗe ƙofa kafin ka miƙe ƙafa. Ni ɗan manomi ne daga wani ƙauye kusa da Maraɗi, kuma ba wanda ya taɓa yin minti biyar da ni bai ji wannan ba.

Baba Isa dattijo ne ɗan Chadi, ya yi ritaya daga aikin masana'anta, a masallaci muka saba. Yana da 'yar garka a bayan gari, cikin filayen da ake yanka wa ma'aikata, kowa da nasa fegi. Shekara shida ya yi yana jira kafin a ba shi. Dokar wurin kuwa ba wasa: kowane watan Afrilu kwamiti zai zagaya, wanda garkarsa ta lalace ko ta ɓata ta maƙwabta, a karɓe a ba na gaba a layi.

Da sanyi ya kama, zai tafi Paris wajen 'yarsa a Montreuil a yi masa aikin gwiwa, sai ya damƙa mini makulli. Ya nuna mini wata ciyawa a lungu, bakin lambatu, ganyenta zagaye kamar faifai, tana fure a tsakiyar sanyi, da ƙamshi kamar alawa. Petazit Turawa ke ce mata.

"Injiniya," ya ce (haka yake kirana, ni kuma ban taɓa hana shi ba), "wannan ce kawai ta dame ni."

"Baba, ciyawa ce fa," na ce. "Tun ina goye nake ganin ana kashe ta."

Maƙwabciyarsa, wata tsohuwa Madam Odette, ta leƙo ta kan shinge ta yi mini bayani. Ta ce saiwar abar nan tana tafiya ƙarƙashin ƙasa kamar igiya, guntu ko ya kai gaɓar yatsa sai ya tsiro. Hanya biyu ce. Ko a fesa magani lokacin da ganye ya cika, a yi ta maimaitawa shekara da shekaru, amma kwamiti ya hana saboda ruwan lambatu. Ko a tone a hankali, a zaro saiwar ɗungurungum a zuba a buhu a fitar, a rufe wurin da baƙar leda mai kauri.

Na saurare ta da irin murmushin da likita ke yi wa mai maganin gargajiya. Sannan na tattaro mafi kyawun Faransancina na sanar da ita cewa a ƙasarmu manomi ba ya zubar da komai. Ana sare ciyawa, a bar ta rana ta kashe ta, ta koma taki. Kuma gaskiya na faɗa. A gonar mahaifina, ciyawar da ka sare da safe, kafin azahar ta gama yawo. Abin da kawai ban yi ba shi ne ɗaga kai in dubi sama. Lyon ta yi mako uku ba ta ga rana ba.

Na ari injin kaftu na bi lungun nan na niƙe saiwar lilis. Na tara ta kwana biyar don ta bushe (cikin yayyafi), sannan na baza ta ko'ina a garkar, na bi da ƙasa na rufe. Sai ta yi saura. To, mu ba a haife mu mu ci alheri mu kaɗai ba. Na tura baro biyu zuwa garkar Madam Odette, ɗaya kuma wajen wani mutumin Portugal mai kabeji. Na zaɓi ranar da ba sa nan, don kada su wahalar da kansu da godiya. Na buga wa Baba waya na ce an gama.

Ranar da ya dawo ta yi daidai da ranar zagayen kwamiti. Na tarbo shi a tashar jirgin ƙasa yana dogara sanda, ni kuma har kwat na sa.

Garkar ta yi kore shar. Faifai ne daga shinge zuwa shinge, a jere, tazara daidai. Har yau ban sake shuka abin da ya tsiro haka ba. Ko inda baron ya bi, ganye ya fito a layi, daga ƙofar Baba zuwa ta Madam Odette zuwa ta mai kabeji. Mutum huɗu na kwamiti suna bin layin kamar masu bin sawun ɓarawo, har ya kawo su gabana.

Baba Isa ya daɗe yana kallo.

"Injiniya, ka ce ka kashe ta."

"Na kashe ta, Baba."

"To, Allah ya ji ƙanta. Waɗannan dangi ne suka zo ta'aziyya?"

Ba wanda ya yi dariya, don ni kaɗai ke jin Hausa a wurin. Shugaban kwamiti ya buɗe takarda ya ce doka a fili take, za a karɓe garkar. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, na raina kaina. Na matsa gaba cikin kwat ɗina na ce dattijon nan yana asibiti, ni na yi, har da na maƙwabta, kuma da niyyar alheri.

Madam Odette ce ta cece mu, ba don Allah ba. Ta ce in an ba wani baƙo garkar, wa zai tone tata? A bar wa tsoho abinsa, da sharaɗin injiniya ya share duka ukun. Kwamiti ya yarda.

Shekara biyu na yi, kowace Asabar, a durƙushe, ina tace ƙasa da rariya ina tsintar saiwa. Madam Odette na zaune a kujera tana nuna mini inda na tsallake. Baba bai sake tayar da zancen ba, illa dai ya daina ba ni makulli.

Da na karɓi takardar gama karatu, shi na fara kai wa. Ya sa tabarau, ya duba gaba, ya duba baya, ya duba masu sa hannu ɗaya bayan ɗaya.

"Madam Odette ba ta sa hannu ba," ya ce, ya miƙo mini.

Tun daga lokacin, duk gonar da aka kai ni a garin da ban sani ba, sai na fara neman tsohuwar da ke bakin shinge. In ta gama magana, sannan in faɗi ko ni ɗan wane ne.