Dutsen da Ke Cin Kabewa

Mai ba da labarin nan bai taɓa mallakar filin da ya wuce inda takalminsa ya taka ba, saboda haka kada a ce yana da ɓangare a rigimar.

A shekarar da Sarki Zaki ya sa aka rubuta filayen Kurmin Ɗorawa cikin Babban Kundi, hankalin dabbobi ya tashi. Zomo ya wayi gari an rubuta raminsa rijiyar gwamnati, ana ta zuwa masa da guga. Giwa kuwa aka ba ta filin da bai ishi ƙafarta ɗaya ba. Dalili shi ne, Jemage surukin Sarki aka ba aikin awon filaye, dokar aiki kuma ta ce da rana tsaka ake awo.

Cikin waɗanda abin ya shafa akwai Nomau, wani jaki mai iyali da gonar gero ɗaya tilo, wadda ita ce cinsu ita ce shansu. Kundi ya ce gonarsa ta tashi daga tsamiya ta tsaya a "wani dutse mai zane-zane kusa da rafi". Daga dutsen har ƙofar fada kuma gonar Kura ce, Ministan Filaye. Dutsen nan Baba Kunkuru ne. Ya fito shan hantsi ranar awo, barci ya kwashe shi.

Tabawa matar Nomau ce ta fara lura.

"Maigida, gonar nan tsufa take yi? Kullum ƙanƙancewa take."

"Idonki ne."

"Idona ne ya cinye min kunyoyin wake?"

Da suka sa ido sai suka ga barorin Kura suna ajiye yankakkiyar kabewa kowace safiya a gaban Baba, ta wajen tsamiya. Baba ya matsa ya ci, su kuma su matso da shinge a bayansa.

Nomau ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, kana cinye min gona."

"Kabewa nake ci, yaro. Gonarka ko ɗanɗana ta ban yi ba."

Nomau ya nufi ofishin filaye, ya tarar da Hawainiya Magatakarda, ido ɗaya a kan Nomau, ɗayan a ƙofar Minista.

"Malam, kuskure na zo a gyara min a Kundi."

"Rage murya," in ji Hawainiya. "Kuskure iri biyu doka ta sani, na mai fili da na filin kansa. Kundi ba ya ciki. In ka matsa, sai dai majalisa."

Nomau ya matsa. Gero ya yi kai, ya nuna, barorin Kura suka girbe rabinsa, sannan aka kira shi gaban majalisa. Kura ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, wannan gwamnati mai adalci ta yi alkawarin ba za ta runtsa ba sai kowane talaka ya kwana a kan filinsa. Jaki ɗan'uwanmu ne, a bayansa muka hau muka kawo nan, ba mu manta ba. Amma Kundin nan ƙwararru suka rubuta shi. In yau muka yarda dutse kunkuru ne, gobe wani zai zo ya ce tsamiya raƙumin dawa ce. Ina ƙasa za ta dosa?"

Fadawa suka yi ta jinjina.

"Allah ya ja zamanin Sarki," in ji Nomau, "a kira shi mana ya faɗa da bakinsa."

Dila, Ministan Shari'a, ya yi murmushi. "Dutse ba ya ba da shaida, Malam Nomau. In kuwa ya yi magana, ba dutse ba ne, ke nan gonarka ba ta da iyaka. Fili marar iyaka kuma na Sarki ne. Wanne ka zaɓa?"

Zaki, wanda tun fara zaman yake gyangyaɗi, ya buɗe ido ɗaya.

"Dutse ne," in ji Nomau. "Ni ma yanzu da na tuna, dutse ne."

Aka yanke hukunci, aka buga hatimi: duk inda dutsen yake, nan ne iyaka har abada, wanda kuma ya taɓa shi ko ya ɗaga shi, a yanke masa wutsiya.

Kafin rani ya raba, Baba ya iso gindin tsamiya. Abin da ya rage wa Nomau bai wuce wurin kwanciya ba, shi ma in ya miƙe ƙafa sai a ce ya shiga gonar Minista. Tabawa ta fara dafa wa yara irin da suka ɓoye don shuka. Kura kuwa, da buƙata ta biya, sai kabewa ta yanke.

Baba ya jira, shiru. Ya tambayi barorin, suka ce Minista ya ce babu abincin dutse a kasafin bana.

"Wane ne dutsen?"

"Kai ne, Baba. Har da hatimi."

Baba ya fito da wuyansa iyakar tsawonsa. "Ni da na san kakan Zakin nan yana rarrafe? Sai na je na ji daga bakinsa." Ya juya ya fuskanci fada.

"Baba, da na goya ka," in ji Nomau, "to amma ina son wutsiyata."

Tabawa ta harare shi. "Wa ya ce ka goya shi? Ɗauko sungumi, ga ragowar iri."

Baba na gaba, Nomau na baya yana share wuri. Suka wuce tsohuwar iyaka, suka shiga gonar Kura. Ruwan farko ya sauka, Nomau ya fara saran shuka, Tabawa da yara suna binnewa. Kura ya zo da kansa, da kabewa ja jawur, ya ajiye ta wajen tsamiya.

"Baba, ga ɗan abin taɓawa. Tsautsayi ne aka manta da kai."

Baba bai ko waiga ba. "Dutse ba ya cin kabewa."

Kura ya umarci barorinsa su ɗauke shi. Kowannensu ya dubi wutsiyarsa, ya dubi ta ɗan'uwansa, suka ce wa Minista ya fara kamawa su taya shi. Minista ya tuna yana da taro.

Wata safiya majalisa na zaune Baba ya shigo fada. Tafiya ta gajiyar da shi, ya bi ta ƙarƙashin karaga, ya fita ta baya, ya sami inuwa ya ce bari ya ɗan huta kafin ya yi magana. Barci ya kwashe shi. Nomau ya shigo da sungumi, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, ko za a ɗan ɗaga ƙafa? Shuka nake."

Zaki ya buɗe ido biyu. Ya dubi Dila, Dila ya kama tari. Ya dubi Hawainiya, Hawainiya ya zama kalar bango. Aka ɗauko Kundi aka karanta: daga tsamiya zuwa dutse, har abada, ga hatimi. Karagar mulki tana tsakiyar gonar jaki.

Kura ya miƙe. "Ranka ya daɗe, wannan gwamnati ta daɗe da gano cewa abokan gaba sun cusa kuskure a Kundi. Ko makaho ya shafa ya san wannan kunkuru ne. Mu da muka yi alkawarin gyara, yau za mu cika."

Kafin azahar an kankare, an sake rubutawa. Aka tashi Baba aka miƙa masa takardar shaidar cewa shi kunkuru ne. Aka mayar wa Nomau gonarsa ta asali, da lambar yabo ta haƙuri, aka kuma tura Jemage ya sa sabuwar iyaka wadda ba ta da ƙafa. Ya je da rana tsaka, kamar yadda doka ta ce, ya dawo ya rubuta: daga tsamiya zuwa wani dogon gungume mai kaushi a bakin rafi.

Da yamma Nomau ya kai Tabawa ta ga iyakar, lambar na reto a wuyansa.

"Kin gani ko? Gwamnati in an bi ta a hankali, tana ji."

Tabawa kuwa gungumen take kallo. Gungumen ya yi hamma, ya gangara cikin ruwa.