Ragon Malam Gaba-da-Baya

Allah ya yi wa ƙauyenmu baiwa da Nistor Bledea. Kafin ya je kwas ɗin kiwo a birni, tatsar tumaki kawai muke yi cikin duhun kai, ba mu san inda tunkiya ta fara ba, balle inda ta ƙare. Ya dawo da tabarau da sandar nuni, har tarinsa ya canza. Muka sa masa Malam Gaba-da-Baya.

"Ba a cewa gaba, Inna Anisiya," in ji shi, ni da na yanke masa cibiya. "Sashen da ke fuskantar kai ake cewa. Baya kuwa, sashen da ke fuskantar bindi."

Na ce, "Madalla, ɗan nan. Ashe shi ya sa nake ta neman hantsa a tsakanin ƙaho."

Ranar da ake haɗa tumakin gari a danƙa wa makiyaya su hau dutse, kowane gida ya shafa alamarsa kamar kullum. Gidan tsoho Onisim ja a kafaɗa, gidan limamin coci shuɗi a gadon baya, ni kuma kore a cinya. Nistor ya jawo ragonsa, wanda yake taƙama da shi fiye da 'ya'yansa, ya kankare baƙin ɗigon gidansu, wai aikin jahilci ne. Ya ari gwangwanayen fentinmu zai ba mu darasi.

"Ku matso ku ƙaru! Nan kafaɗa." Ya lafta ja. "Nan gadon baya, sashen sama ke nan." Shuɗi. "Nan cinya, ku lura da iyakarta." Kore, har da layi. Rago na tuƙa, mu muna tafi.

Onisim ya buɗe baki, Nistor ya ɗaga sanda. "Tambaya sai an kammala, Baba."

Har garke ya tafi da ragon, bai kammala ba.

Kaka ta yi, garke ya sauko, kowa na jan nasa. Sai ga rago ya yi ɓul-ɓul, fenti raɗau. Onisim ya kama kafaɗa. Matar liman ta dafa baya. Ni ma, me zai hana, na riƙe cinyata.

Nistor ya daka tsawa: "Nawa ne! Duk gari an sani!"

Shugaban makiyaya ya zagaye ragon a hankali. "Ni alama nake bi, maƙwabci. Ina taka?"

Nistor ya yi jawabi mai tsawo a kan ci gaba. Da ya gaji, dattawa suka ce kowa ya ɗauki inda alamarsa take. Mahauci ya rantse bai taɓa fiɗa mai sauƙin wannan ba, layi kawai ya bi.

Amma ba mu zalunce shi ba. Abin da fenti bai taɓa ba na kai masa da hannuna, a faranti: ƙaho biyu da bindi.

Na ce, "Ga naka, Malam. Ga sashen da ke fuskantar kai, ga na bindi. Tsakiyar kuwa mun fahimce ta sosai, da tuwon masara."