Ranar da Na Rufe Bakin Injin Malam Isiya

Ba zan taɓa mantawa da hutuna na farko bayan na zama sojan sama ba, ko da kuwa na so mantawar, don mutanen garinmu Pauwa ba za su bari ba. Aikina shi ne gyaran gangar jikin jirgi: fukafukai, ƙofofi, duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne dasa ribiti, wata irin ƙusa da in ta shiga ta shiga ke nan, sai dai a huda ta da injin huji. A rumfar jirage an koya mana cewa duk abin da ke girgiza abokin gaba ne.

Hutun ya zo daidai da bikin ƙanwata Hadiza. Na sauka daga motar Kankara cikin kaki mai guga, da ƙaramin akwatin kayan aiki a hannu (wai zan gyara wa Baba kwanon ɗaki, amma gaskiyar magana so nake a gani). Allah ya ji ƙan Baba, ranar bakinsa bai rufu ba. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya gaya masa ɗansa ne ke riƙe da jiragen yaƙi a sama, ni kuma ina sunkuyar da kai kamar ba na jin daɗi.

Da safiyar ɗaurin aure ni da Baba muka bi ta rumfar Malam Isiya, mai injin markaɗe guda ɗaya tilo a unguwarmu. Mata sun jera bokitai, injin na ƙara kamar zai tsage. Na duba na ga murfin bakinsa da robar taya aka ɗaure shi, ramukan notuna duk wayam. Raina ya ɓaci, wallahi har cikin zuciyata na ji tausayin ƙarfen. Na ce a kashe, na koma gida na ɗauko akwati. Malam Isiya ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya ɗaga masa hannu, ya ce ya bar yaro ya yi aikinsa, wanda ya gyara jirgi ai injin markaɗe wasa ne. Bawan Allah ya kalli kakina ya haɗiye maganarsa.

Na yar da robar, na dasa ribiti a kowane rami, tsaf-tsaf. Har yau ban yi aiki mai kyan wannan ba. Aka tayar da inji, ƙarar murfin ta ɗauke ɗif. Wata gwaggona ta rangaɗa guɗa, Baba ya gyara hula. Aka markaɗa attaruhu da tattasai na miyar biki, bokiti bayan bokiti, ina tsaye hannu a ƙugu.

Da aka zo kan jiƙaƙƙiyar shinkafar waina, sai Malam Isiya ya matso kusa da ni cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, ara mani sifanar da ke kwance waɗanga notunan naku. Zan buɗe in wanke, kada yaji ya bi shinkafa."

Na ji ƙasa ta yi mini nisa. Ashe murfin nan sau goma ake buɗe shi a wuni, shi ya sa aka bar shi da roba. Na ce masa, murya can ƙasa, ai ba sa kwancewa. Ya tambaya har yaushe, na ce har abada. Injin huji na can bariki. Na kawo shawarar a sa kurfi da guduma a sare kawunan ribitin, ya ce in murfin ya tsage yau abincin iyalinsa ya ƙare. Zuwa Kankara kuma babu lokaci, ga dangin ango na tafe daga Damari, kuma Inna ta yi alkawarin wainar da za su koma suna labari.

Aka ɗura ruwa ta sama iya iyawa, aka markaɗa a haka. Ƙullun ya fito ja-ja. Labari kam sun koma da shi. Ina kallon wan mahaifin ango, wani dattijo mai natsuwa, ya kai loma ɗaya, idanunsa suka kawo ruwa, ya yi ta tari yana cewa Allah ya sa albarka. Inna ta shige ɗaki don kunya, Hadiza ta yi kwana uku ba ta gaishe ni ba. Ni da kakina na ɓuya bayan rumbu.

Can Baba ya same ni. Na zata faɗa zai yi. Sai ya dube ni ya ce, "To kai, in direban jirgin ya shiga, haka kake rufe shi ciki?" Ya fashe da dariya har yana dafa rumbun, ni ma na kama, hawaye na zuba. Washegari shi da kansa ya raka ni ba Malam Isiya haƙuri, muka ɗauki kan injin a babur zuwa Kankara aka huda.

Yau shekaru sun ja, Baba ya rasu, rumfar ma babu ita, kuma ina kewar dariyar nan fiye da yadda zan iya faɗa. Na taɓa jirage da yawa tun daga lokacin, amma ko ƙofar bayi na ga an ɗaure da tsumma, ba na taɓawa sai na nemo wanda ya ɗaure na tambaye shi dalili.