Takin Manya

Unguwar Kedungsari ta yi dace da shugaba, wanda kuma bai sani ba ya je ya tambayi shugaban, zai ji daga bakinsa. Pak Sugondo Hardjowinoto shekara talatin da ɗaya ya yi yana buga hatimi a ofishin gunduma, bai taɓa buga shi a karkace ba. Da ya yi ritaya aka ba shi mai unguwa, domin ranar zaɓe kowa ya sunkuyar da kai, shi kaɗai ya ɗaga. Gida arba'in da biyu ne a ƙarƙashinsa, amma in ka gan shi tafe da baƙar hula da rigar batik, hannu a baya, sai ka rantse tsibirin Jawa duka aka damƙa masa. Allah ya hore masa hanci. Daga ƙofar gidansa yake gane wace ce ta ƙona albasa a ƙarshen layi, ya kuma taka ya je ya yi mata nasiha. A gabansa Pak Mai Unguwa ake ce masa, wato Malam Mai Unguwa, a bayansa Hancin Gwamnati.

Sai ga hukumar birni ta fara raba taki kyauta. Abin da motocin yasar masai suka kwaso daga gidaje ake zubawa a wani fili bayan gari, a tsane, a shanya, a cuɗa da ƙaiƙayin shinkafa, a yi ta juyawa wata da watanni har ya koma baƙar ƙasa mai laushi, ba wari ba komai. A jikin buhu aka rubuta: kashi ɗaya taki, kashi uku ƙasa.

Mbok Tukiyem ce ta fara karɓa. Tun rasuwar mijinta ba ta da abin dogaro sai rumfarta ta bakin layi, inda take sayar da pecel, kwaɗon ganye da miyar gyaɗa a kan shinkafa. Ta cika tsofaffin gwangwanayen fenti yadda direban motar rabon takin ya karanta mata, ta shuka alayyafo da dogon wake. Ganye ya fito shar, ta huta da zuwa kasuwa.

Labari ya kai ga Hanci. A taron wata ya miƙe, ya gyara murya sau uku.

"'Yan'uwa masu daraja, ni mutum ne mai son ci gaba. Amma abin da ya fita daga jikin ɗan Adam ya fita ke nan, ba a yi masa takardar dawowa. Ban ambaci sunan kowa ba. Na dai ce duk mai cin pecel a layin nan ya tambayi kansa, abin cikin wa yake ci."

Rumfar pecel ɗaya ce a layin. Kafin mako ya zagayo bencinan Mbok Tukiyem sun koma wurin barcin kyanwa. Masu babur da suka shekara goma suna karyawa a wurinta suka riƙa gaishe ta daga nesa. Da azahar takan juye ganyen ga awakin maƙwabta, ta zauna bayan tukunya ta yi kukanta. Ta fara tambayar mutane ko akwai mai neman mai wanki.

Ana haka takarda ta iso, da hatimi. Matar magajin gari za ta zagaya unguwanni kafin bikin 'yancin kai, ta ga lambunan da aka yi da takin birni, da mai ɗaukar hoto a tare da ita. Pak Sugondo ya karanta sau biyu, ya shinshina hatimin, ya kira taron gaggawa.

"Kamar yadda na sha faɗa muku, takin nan arziki ne. Masu ƙaramin tunani ne ba su fahimce ni ba."

Sai dai mutum mai daraja ba ya zuba ko wane irin abu a lambunsa. Washegari ya ɗauki hayar a-kori-kura ya nufi bayan gari, ya tarar da wani ma'aikaci mai dogon takalmin roba, Mas Parjo, yana ɗinke buhuna.

"Na wane ɓangare ne wannan?"

"Ɓangare kuma, Pak?"

"Na 'yan kasuwa ne, ko na bakin kogi? Ni na rukunin gidajen manyan ma'aikata nake so. Mutanen da ke cin nama da tuffa."

"Ai Pak, a nan kowa ɗaya ne. Da darakta da mai tura baro, rami guda suke sauka."

Pak Sugondo bai ji daɗin wannan magana ba, ta yi masa kama da siyasa. Ya yi ta bincike har ya gano wani fegi can gefe, inda motar da ta fito daga gidajen manya ta juye kayanta kwana tara da suka wuce. Samansa ya bushe ya tsattsage.

"Wancan za a loda."

"Pak, bai nuna ba. Sama ne ya bushe, cikinsa ɗanye ne sharaf. Sai ya ƙara wata uku."

"Yaro, ina aikin gwamnati kana tsumman goyo."

Mas Parjo ya rusuna ya ce to. Mutanenmu in babba ya kafe, to ake ce masa, a bar shi da Allah.

Batun kashi ɗaya da kashi uku kuwa, wannan ai don masu ƙaramin ƙarfi aka rubuta. Pak Sugondo zallarsa ya shimfiɗa, tudu guda, a gindin barkono da furanninsa, har bakin ƙofa. Aka yi ruwa da la'asar. Rana ta buɗe washegari.

Abin da ya tashi daga gidan nan ba ya faɗuwa. Ƙudaje suka zo daga unguwanni uku. Ladan ya taƙaita kiran salla. Matar Pak Sugondo ta tuna tana da ƙanwa marar lafiya a wani gari, ta hau bas. Amma a Kedungsari ba a gaya wa babba yana wari. Maƙwabta suka riƙa wucewa suna murmushi, numfashi a riƙe, suna cewa, "Lambu ya yi kyau, Pak." Shi ma hancinsa ya gaya masa gaskiya, amma ya ce da hancin ai ƙarfin abincin manya ne.

Ranar ziyara barkono ya ƙone ƙurmus, furanni sun kwanta. Ya tare baƙi a bakin ƙofa da jawabi mai shafi huɗu. Matar magajin gari ta saurari rabin shafi da gefen mayafi a hanci, ta yi murmushi, ta ce abin ya ƙayatar ƙwarai, a ɗauki hoto. Pak Sugondo ya tsaya tsakiyar tudun, ya ɗaga babban yatsa.

Gudun iskar gidan ne ya kai tawagar har ƙarshen layi, suka yi kiciɓis da gwangwanayen Mbok Tukiyem. Baƙuwar ta damƙi ƙasar ta shinshina, ta zauna a benci ta ce a zuba mata pecel. Ta cinye, ta nemi ƙari. Masu babur na leƙe daga nesa, kafin motocin su bar layi sun cika bencin.

Bayan mako biyu hukuma ta manna babbar takardar wayar da kai a kowace unguwa, ta Kedungsari kuma a bangon rumfar pecel, inda mutane ke layi da safe. Hoto biyu ne. A dama Mbok Tukiyem da alayyafonta, an rubuta YADDA AKE YI. A hagu Pak Sugondo da yatsansa a sama, an rubuta KADA A YI HAKA da jan fenti.

Pak Sugondo ya zo ya tsaya gaban takardar, hannu a baya, ya daɗe yana dubawa. Can ya ciro ma'auni daga aljihu, ya gwada wannan, ya gwada wancan, ya juyo ga jama'a.

"Ku shaida, nawa ya fi nata faɗi da yatsa biyu."