Safar Hannun Kaka Torvald

"...lafiya lau, sai dai an ce sojan da zai tsare mana sama ya iso, na leƙa na ga 'yar tsako cikin kaki," in ji tsohon, yana kallon jikarsa a bakin ƙofa.

"Sannu Kaka. Ashe kana nan? Na ɗauka gidan tarihi sun zo sun ɗauke ka."

Ylva ta kakkaɓe dusar ƙanƙara daga takalmanta, ta ajiye burodin kirfa biyu kusa da butar kofi. Kakanta Torvald ya tsufa a masana'antar makamai masu linzami na kakkaɓo jirgi, ita kuwa irin makamin aka koya mata a bariki. A duk rukuninsu ita aka zaɓa ta harba na gaske ranar gwaji, can arewa inda sanyi ke kashe yatsa. Idan ta kuskure, an gama da ita. Safar hannu ta soja ta yi mata kauri, shi ya sa ta zo neman tasa ta fatar barewa, wadda marigayiya kakarta Gunvor ta ɗinka.

"Burodi biyu? Ke da rowa? Faɗi abin da ya kawo ki."

"Safarka nake so."

"Tab! Safar da ta taɓa makami tun uwarki na rarrafe? In bai wa mai ƙyafta ido in an yi tari?"

"Me kake da ita? Kai da ko cokali ka ɗauka sai ya yi rawa."

"Ke, ni na sa wa makamin nan ido! Kuma a ƙeya na sa masa, don ya riƙa waiwayen hasken da kike haska masa. Inda kika kalla nan zai bi."

"Shi ya sa ya yi kama da kai. Kullum kallon baya, kullum labarin da."

"Ja'ira! Shi bai san jirgi ba, babban yatsanki da ke tuƙa shi ya sani. Ya tashi da ƙara, kika firgita, shi ke nan, sai ki kakkaɓo mana farin wata."

"To ai ka huta da cewa yana hana ka barci."

Torvald ya jawo madubin hangen nesansa ya dangwara mata. Ya nuna wani hankaka da ke shawagi bayan taga.

"Ga jirgin abokan gaba. Bi shi. Kika sake shi, ko zaren safar ba kya samu."

Ylva ta kafa ido. Ta san tsohon ba ya wasa da wannan. Hankaka ya yi dama, ta bi. Ya yi ƙasa, ta bi. Ta ji sanɗarsa a bayanta, sai ƙwaram! Ya gwara murafan tukunya biyu dab da kunnenta. Kyanwa ta yi tsalle ta kifar da madara. Ya sake gwarawa, har da ihu. Madubin bai motsa ba sai da hankaka ya sauka kan shingen maƙwabci.

"Ya faɗi," in ji ta, baki cike.

Torvald ya dubi faranti. Wayam.

"Ina burodina?"

"Hannun hagu ba shi da aiki, Kaka. Dama ke tuƙi."

"Duka biyun? Ina ta kiɗa kina ta ci?"

Dariya ta kama shi har da tari. Ya buɗe aljihun tebur ya fito da safar, ya shafa ta kaɗan, sannan ya cilla mata.

"Ungo, ɓarauniya. Amma murfin bututun makamin da za ki harba nawa ne, kar ki ba wani saurayi."

Ta zura hannu. Safar ta zauna mata cif, har babban yatsa. Ta ɗago da mamaki.

"Kaka, wannan ai ba ta taɓa shiga hannunka ba."

"Wa ya ce miki ta shiga? Gunvor a hannunta ta auna. Tashi ki sayo mini burodi."